Ranar da Firinta Ta Nutse

A Matan Fada, in giwan ruwa ya nutse, akwai masu homa da gora da suka san inda za su tare shi. A gidanmu na Argungu kuwa, in firinta ta ɓace wa kwamfuta, kowa sai ya zama Sarkin Ruwa. Ga ta a kan tebur, fitila kore shar, takarda a baki, amma kwamfuta ta rantse ba ta taɓa ganinta ba. Kuma ba ta tashi wannan tsiya sai daren da yarinya ke son takardar JAMB, ko ana jiran sunayen manoman shinkafa da sassafe. Na sha wuyar abin har na haddace mutanena.

Na farkon isowa Malam Kashe-ka-kunna. Maganinsa ɗaya ne, ko rediyo ce ko injin ban-ruwa. Abin takaici, yakan dace, sai ya fita yana gyara hula.

Sai Kawu mai mari. Tun zamanin talabijin mai ƙusumbi ya gano na'ura ba ta jin magana sai da tafi. "Wagga taurin kai gare ta," in ji shi, ya ƙara mata ɗaya a ƙeya.

Gwaggo ba ta wahalar da kanta. "Baki ne. Tun ran da aka sauke ta daga motar Birnin Kebbi maƙwabta ke leƙe." Ta tofa mata addu'a, ta lulluɓe ta da zane. Zanen dai ya tare ƙurar hunturu.

Akwai mai cewa data ta ƙare, har ya aiki yaro sayen kati. Ka yi ta faɗa masa cewa firinta da kwamfuta a cikin gida suke zancensu ta rauta, ko babu sisin data. Mai shiga ɗakin kusa ba ya biyan kuɗin motar Sakkwato. Zai gyaɗa kai, ya ce a dai sayo.

Amma gwanina Injiniya, ɗan yayata. Wata uku ya yi a wata makarantar kwamfuta, ya dawo da filash rataye a wuya kamar laya. Ba ya tambayar abin da ya faru. "Kawu, ɗan matsa," ya karɓe kujera, ya lanƙwasa yatsu har su yi ƙas. Sai ya buɗe baƙin allon nan, farin rubutu ya yi ta gudu, yara su kewaye shi kamar ana wasan kura. Shi ma bai san me rubutun ke cewa ba, amma yana tsaki a daidai gaɓa. Hukuncin farko: bairos. Na biyu: direba. Ran nan Kawu mai mari ya tambaye shi wane direban, na Kamba ko na Sakkwato? Bai ko yi murmushi ba, ya sauke direba uku da datata. Da abu ya ƙi, ya jingina ya ce ai Windows 10 marainiya ce, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta yaye ta. Gaskiya ne, sai dai babu ruwan wannan da firintar da ta buga katin suna jiya. A nan ake kawo masa fura. In ya ajiye ludayi, sai babban hukunci: fomat. Kowace cuta a wurinsa fomat ce, kuma da ita ya tafi da hotunan da na ɗauka a bikin kamun kifi na 2020. La'asar na yi zai miƙe ya ce saura kaɗan, ya karɓi kuɗin kabu-kabu. Duk da haka gobe ni zan sake kiransa.

Alhali abin ba aljani ba ne. Rauta kamar mai unguwa take, ita ke raba wa kowace na'ura lambar gida. A ɗauke wuta, a tada janareta, ta farka ta sake rabo: firintar da ke 192.168.0.101 jiya, yau tana 104, kwamfuta kuwa tana can tana sallama a tsohon gida. A shiga rauta a kafa wa firinta lamba ɗaya, an huta. Wani lokaci kuma firintar layin Wi-Fi na 2.4 kaɗai take ji, ana ƙoƙarin kai ta na 5, ko Windows ta ɗauki gidanka kamar tashar mota ta rufe ƙofa.

Duk mutanen nan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai tsinke. A bayan rauta akwai ɗan rami. Sai ya faki ido ya zura tsinken sakace, ya danne na daƙiƙa goma, sunan Wi-Fi da kalmar sirri su koma yadda suka fito daga kwali. Gida duka ya faɗi, har wayar Gwaggo. Ba tsinken ke ƙona min rai ba, kowa na kuskure. Amsar ce: "Ni ban taɓa komai ba." Da ya faɗa, aikin minti goma ne. Sai ya bar ka awa uku kana zargin kebul da ƙura da kanka, yana tsaye a bayanka yana taya ka mamaki, tsinken na kan tebur.

Makon jiya na tara su na wanke kowa tas, har da wa'azin mai unguwa da lambar gida. Ina cikin yi, 'yar autata ta aji biyar ta leƙa kusurwar allo.

"Baba, ai kwamfutarka a wayarka take."

Da aka ɗauke wuta da rana na jona ta da wayata, na manta ban mayar ba. Tun azahar nake jefa homa a wani gulbin. Na yi gyaran murya na ce dama gwada su nake. Da aka watse na ba ta naira 200, na roƙe ta kada Injiniya ya ji.