Mutanen Da Za Ka Tarar A Ajin CSS A Daura

Tun da Daura ta samu Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, matasa suka ɗauki koyon tsara shafin intanet da zafi. HTML ba ya bayyana halin mutum. Sai an shiga CSS kowa ke nuna kalarsa.

Akwai Mai Kwafe. Daga YouTube da ChatGPT yake ɗebo komai. Ka tambaye shi bambancin margin da padding, ya ce, "Malam, ai yana aiki."

Akwai Sarkin !important. Duk dokar da ta ƙi jin magana sai ya maka mata shi, har ya rasa wadda zai ƙara wa.

Gwanina shi ne Mai Kwalliya. Ka ba shi shafin shagon yadi, ya mayar da shi dokin hawan Sallar Gani. Bango kore shar, rubutu ruwan ɗorawa, kanun shafi ja yana ƙyaftawa. Salon rubutu biyar a sakin layi ɗaya. Kowane hoto da inuwa, inuwar ma da tata inuwar. Maɓallin "Tuntuɓe Mu" na juyawa, sai ka yi farautarsa kafin ka danna. Ka ce ya rage, ya dube ka da tausayi: "Yallaɓai, ba ka san zamani ba ne." Ranar da ya buɗe aikin a wayar wani abokinsa ɗan Mai'adua, rubutu ya hau kan hoto, hoto ya fice daga allo. Hukuncinsa: wayar ce ba ta da kyau.

Sai mu 'yan neman tsakiya. Tun 1996 aka fitar da CSS, ga Flexbox ga Grid, amma har yau mu da div ana ta ja-in-ja wajen sa shi a tsakiyar shafi.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ke ɓata min rai shi ne wanda zai zaɓi salon rubutun da ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, ya ga akwatuna sun fito a madadinsu, sai ya goge ƙugiyoyin maimakon ya sauya salon. Wannan lalaci ne, kuma raini ne ga mai karatu. Noto Sans kyauta ne, yana da haruffan nan duka.

Don Allah ɗan'uwa, kafin ka miƙa aiki, ka rubuta Hausa a ciki, ka duba shi a ƙaramar waya.