Man Gyaɗar Taubashiya Ya Iso Landan

Landan, Ingila

Zuwa ga taubashiyata,

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaida mini Gwaggo da Kawu, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau, sai dai sanyi ya kankama, rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma.

Saƙonki ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Kuka ta zo lafiya, busasshiyar kuɓewa ta zo lafiya, daddawa kuwa tun daga bakin ƙofa ta sanar da maƙwabta isowarta. Amma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sai dai mu yi wa juna jaje. Na san yanzu kin ɗaure fuska kina cewa ai ɗan Kawu bai taɓa yabon abin hannunki ba. To zauna ki ji, yau da shaida na zo.

Akwai wata dattijuwa Baturiya da muke maƙwabtaka, ta yi shekaru tana dafa wa 'yan makaranta abinci kafin ta yi ritaya. Na sha ba ta labarin man gyaɗar gida, don nasu na kanti an tace shi har ba ya ƙamshin komai. Da saƙon ya zo sai na kai mata gorar da alfaharina. Ta buɗe, ta kai hanci, ta yamutsa fuska, ta ce kalma ɗaya tak: rancid. Na karɓa na sansana, na ɗanɗana da yatsa. Gaskiya ta faɗa. Wani wari yake yi kamar na tsohon fenti, ga maƙaƙi da ke tsayawa a maƙogwaro ya ƙi wucewa.

Ana furta kalmar ransid. Na faɗa miki ne don kada ki karanta ta da bakin Hausa ki ɗauka 'yar'uwar rance ce, ko da yake na san ke da rance zumuncinku ya daɗe. Dattijuwar nan ta zaunar da ni ta yi mini bayani, na kuma duba ƙamus na tarar haka ne. Ba kowane lalataccen abinci ake kira da ita ba. Madarar da ta yi tsami tana da tata kalmar, burodin da ya kwana ya bushe yana da tasa, ƙwan da ya yi bara-gurbi da naman da ya ruɓe suna da tasu. Wannan ta maiƙo ce kawai: mai, man shanu, kitse, gyaɗa da danginta, da duk abin da aka soya aka ajiye har man cikinsa ya juya. Mu ma ai haka muke rarrabewa. Wanda ya ce miki fura ta yi ƙauri ko tuwo ya yi ƙarni, kin san ba a murhun Hausa ya tashi ba.

Asalinta daga Latin ne, rancidus, wato mai wari, ta shigo Turanci a ƙarni na 17. Daga saiwa ɗaya suka fito da wata kalmarsu, rancour, wadda ke nufin gabar da aka daɗe ana riƙe da ita a zuci. Ki kwantar da hankalinki, ni ban riƙe ki da ko ɗaya ba, mai ne kawai ya juya. Turawa kuma sukan ari kalmar rancid su jefi abin da ba a ci. A jarida za ki ga an kira siyasar wani ko maganarsa da ita, ana nufin ta ƙazanta har ba ta jin daɗin saurare. Abin da ya fi ba ni dariya, akwai wasu makaɗa a Kalifoniya ta Amurka da suka kafa ƙungiya a 1991 suka raɗa mata suna Rancid, kuma mutane suna biyan kuɗi su je kallonsu. Ki duba mini duk cikin makaɗan da ke zuwa bikin unguwarku, wa zai yarda maroƙi ya kira shi Man Da Ya Juya?

Yanzu bari in gaya miki laifinki, don kina da shi. Kin zuba man a gorar ruwa ta roba, fara tas, wadda ake hango komai ta cikinta. Ba ki cika ta ba, kin bar kusan rabi iska. Ƙuli-ƙulin kuma kin ɗaure shi a farar leda sakwa-sakwa. Wanda ya kawo saƙon ya ce kayan sun daɗe a bayan mota suna shan rana kafin tafiyarsa ta tabbata. To abokan gabar mai ke nan kin tara masa wuri guda: iska, haske da zafi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, ita ce ke kama mai tana farfasa shi a hankali, abin da ya farfashe ɗin shi ke ba da warin da maƙaƙin. Zafi da hasken rana suna ƙara wa aikin sauri, haka ma ƙarfe mai tsatsa da tagulla. Kin san soyayyen dankalin nan na leda da kike cewa iska ake sayar wa mutane? Iskar naitirojin ce ake hura wa ledar don a kori oksijin, man jikin dankalin ya daɗe bai juya ba. Man zaitun mai kyau kuma a kwalba mai duhu suke sayar da shi, saboda haske.

Ba kowane mai ne ke da saurin lalacewa iri ɗaya ba. Man kifi da man waken suya suna da gaggawa, man gyaɗa yana tsakiya, man ja da man kaɗanya sun fi haƙuri. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi kuwa ya riga ya yi nisa tun a kan wuta.

Da nake sauraron dattijuwar nan, Gwaggo nake ta tunawa. Man shanun kanti na nan kusan kashi 16 cikin 100 ruwa ne, ruwan nan kuwa yana taimakawa wajen sakin wani sinadari mai tsananin wari, wanda wani masanin Faransa mai suna Chevreul ya gano a farkon ƙarni na 19. Gwaggo ba ta san Chevreul ba, amma ba ta taɓa ajiye ɗanyen man shanu ba. Takan soya shi da albasa har ruwan ya ƙone, ta tace, ta zuba a kwano mai murfi, ta tura ƙarƙashin gado inda babu rana, kuma ba wanda ya isa ya sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Duk abin da littattafai ke faɗa, ita da hannu take yin sa. Ke da kika tashi a ɗakinta, ina kika ajiye idonki? Ko kina can kina lasar murfi?

Kada jin wannan ya sa ki ce za ki aiko mini da man shanu. Dokar ƙasar nan ta hana matafiyi shigowa da nama ko kayan nono daga Najeriya, don haka man shanu da kilishi da dambun nama duk ki bar mini su sai na zo.

Sai maganar da ta fi damuna, wadda ba wasa a cikinta. Na san halinmu, ba ma son zubar da abinci, kuma mai ya yi tsada. Idan ya juya sai a ce a soya albasa a ciki warin zai tafi. Albasa tana rufe wari ne kawai, man da ya juya ba ya komawa daidai. Ɗanɗano ɗaya ba ya kwantar da mutum, amma amfanin da ke cikinsa, irin su bitamin E, ya riga ya tafi, kuma bai dace a riƙa ɗura wa yara da tsofaffi shi kullum ba. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne gyaɗar da ta yi fumfuna. A nan Ingila a 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu bayan an ba su abinci mai haɗe da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Binciken mutuwarsu ne ya kai ga gano gubar da ake kira afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa, kuma an tabbatar tana jawo kansar hanta. Man da ya juya hanci yana kama shi, ita kuwa wannan guba sau da yawa ba ta da wari, suya ma ba ta kawar da ita duka. Tun da kina yin ƙuli na sayarwa, don Allah ki riƙa tsince gyaɗar da ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko ta yi ɗaci, ki zubar, kada ki ba kaji ma. Ki shanya ta ta bushe sosai kafin ta shiga buhu, buhun kuma kada ya zauna a ƙasa mai damshi.

Gorunan man da kike jerawa a teburin ƙofar gida kuwa, ki bar ɗaya a waje don masu wucewa su gani, sauran ki mayar da su inuwa. Idan kin sake tashin aiko mini, ki tambayi ranar tafiyar mai kawowa tukuna, ki matse sabo, ki cika gorar har wuya, ki toshe ta da kyau, ki naɗe ta da baƙar leda. Na yi wa dattijuwar nan alkawarin za ta ɗanɗani man gyaɗar Kano na gaskiya, kada ki bari ta ci gaba da zaton haka muke ci.

Maganar kuɗin shara mu bar ta sai watan Cika-ciki, ban manta ba. Ki karanta wa Gwaggo wannan wasiƙa tun daga farko har ƙarshe, ban yarda ki tsallake wurin lasar murfi ba. Ki gaida duk mutanen gida.

Wassalam,
Taubashinki