'Yan Iska Kala-Kala

Babu kalmar da Bahaushe ya wahalar kamar "ɗan iska". Asalinta sunan mutumin da ba shi da linzami ne: ba tsoron Allah, ba kunyar mutane, ba gudun abin faɗa. Amma yanzu kowa da nasa ɗan iskan.

Akwai na gidan kallon ƙwallo. Yaro ya yanke mutum uku ya zura a raga, sai ka ji an ce, "Kai, wannan ɗan iska ne!" Nan kirari ake yi masa. Akwai na kaka, wato duk jikan da ya yi askin zamani ko ya ɗame wando. Akwai mai adaidaita sahun da ke taka birki a tsakiyar titi don ya hango fasinja. Sai masu cewa "ga ni nan a hanya" alhali suna kwance a kan katifa. Waɗannan a yi musu uzuri, mutanen kirki ne, na san su ciki da bai.

Gwanina shi ne na teburin mai shayi. Bayan isha'i yake zuwa, da doguwar sallama, ya tambayi kowa iyali har da wanda bai yi aure ba. Sannan ya gyara zama: "Haɗa mini mai kauri, ƙwai uku, Indomie biyu, kada ka yi rowar albasa." Ya ci, ya yi gyatsa, ya yi hamdala, sai a shiga laluben aljihu. Kakarsa ta yanke saƙa a farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, lokacin da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Zai ɗaga waya daga nesa ya ce, "Na tura, alat zai shigo, matsalar sabis ce." Alat ɗin har yau yana hanya. In mai shayi ya matsa, sai ya waiwayo da fara'a: "A'a, yallaɓai, ashe kana nan!" Kai ma ka san kai za ka biya.

Duk waɗannan ana dariyarsu. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai tara hatsi ya kulle, yana jiran azumi ya ƙarato farashi ya tashi. A Fabrairun 2024 sai da hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ɗan'uwansa shi ne wanda aka damƙa wa gadon marayu, ya sayar da gonar, ya ce wa uwarsu ta yi haƙuri. 'Yan Hisba kan aske kan yaro saboda gashi, amma wannan wa zai taɓa hularsa? Yana sahun gaba da carbi a hannu, in ya shigo taro a tashi a ba shi kujera, ranar da ya mutu kuma a ce an yi rashin dattijo.