Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Sifiri

Daga wani tsohon malamin lissafi, wanda alli ya cinye wa yatsu, zuwa ga Malam Sifiri, limamin babu, gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da dattijon da ya sha tafiya. Amma ba'adu.

Ban jahilci nasabarka ba, domin na san a ƙasar Hindu aka raɗa maka suna, inda masani Barahmagubta ya rubuta hukunce-hukuncenka a shekarar 628, kafin Alkawarizmi ya karɓe ka a Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, Larabawa suka kira ka sifr, wato wofi, mu kuma muka tanƙwasa kalmar ta hau harshenmu. Na kuma san malamanmu na hisabi sun daɗe suna ƙulla ramzin shekaru da haruffan abajada ba tare da sun nemi alfarmarka ba. Saboda haka ka saurara da haƙuri, don ƙorafi na zo da shi.

Na farko, na shaida cewa a babin rabo babu mai sauƙin halinka. Goro goma sha biyu yana yarda a kasa shi biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, amma in aka kira mutum biyar sai ya bar biyu a ƙwarya, rigima ta tashi. Kai kuwa, ko magada uku suka zo, ko bakwai, ko dubu, kowa zai tashi da nasa babu cif-cif, ba saura, ba kasaru, ba mai zuwa gaban alƙali. Wannan ne dalilin da ya sa kowane adadi yake raba ka, har aka sa ka a sahun cika aka hana mara, tun da biyu ma ta raba ka daidai. Sai dai na lura karamci ba ya wahalar da wanda rumbunsa fayau yake.

To, ina wannan karamci yake shiga idan aka ce kai ne za ka raba wani? Goron nan goma sha biyu, aka ce a raba wa babu kowa: wane adadi ne za a ninka da kai ya dawo da sha biyu, alhali duk wanda ya yi musabaha da kai a babin ninki, ko miliyan ne, sai ya koma wofi, kamar yadda zama da maɗaukin kanwa ke kawo farin kai? Babu shi. Idan kuwa kanka aka ce ka raba da kanka, sai fitinar ta juya, domin biyar za ta ce ita ce amsa, tara ta ce ita ce, kowacce da hujja ingantacciya, kuma shari'ar da dukkan shaidunta adilai ne alhali sun saɓa wa juna ba ta yankuwa. Shi kansa Barahmagubta ya ba da fatawa cewa amsar kai ne, amma malaman da suka biyo baya suka warware ta.

Akwai kuma barazanarka ga dukiyar jama'a. Ɗaya sau kai daidai yake da biyu sau kai. In da za a halatta a soke ka daga ɓangarorin biyu kamar yadda ake soke sauran adadi, da ɗaya ya zama biyu, da wanda ake bi sule biyu ya biya sule guda ya kafa hujja da littafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na tambayi aji mafi ƙanƙantar adadin da huɗu da shida suke rabawa ba saura, ina jiran sha biyu, sai wani yaro mai tsagewar riga a bayan aji ya ɗaga hannu ya ambaci sunanka. Na daka masa tsawa. Da dare kuwa, ina kwance fitila a kashe, na tabbata gaskiyarsa, na gane cewa masu littafi da gangan suke fitar da kai daga wannan tambaya, don in an bar ka kai ne amsarta kullum. Washegari sai da na nemi gafarar yaron da ban kai shekarun kakansa da kaɗan ba.

Buƙatata biyu ce. Ka zauna a damar adadi, inda kake mai da goma ɗari, kada ka ƙara sauka ƙarƙashin layin rabo a allon almajiraina. Sannan, tun da alamu sun nuna kai ne tarikar da zan bari, ina roƙon ka riƙe halinka na rabuwa daidai, don 'ya'yana tara su watse daga zaman makoki suna gaisawa.

Haza wassalam.