Ni da Dawakan Hawan Daushe

Da jajiberin Babbar Sallah Yaya ya ara mini kyamararsa, Nikon mai dogon gilashi irin na jawo nesa kusa. "Ka dai san kanta ko?" in ji shi. Na ce haba Yaya, hoto kuma har wani karatu ne? Nan take na gwada ta a kan ragon layyarmu yana ɗaure a turke yana tuƙa. Hoto ya fito tas, har ana ƙirga gashin gemunsa. Na manta cewa rago a ɗaure yake.

Washegarin Sallah da la'asar na kafa ƙafa a Ƙofar Kudu, kyamara na kan otomatik, ni kuwa ina ta hura hanci. Mahaya suka fara sukuwa, na dinga dannawa. Da na duba, innalillahi! Doki ɗaya ƙafa tara, mahayinsa kamar hayaƙi, rawani ya narke cikin alkyabba. Abin da ya fito sarai a hoton kawai wani mai sayar da rake ne can baya, shi ma don yana tsaye cak.

Wani dattijo mai hoto da ke gefena ya leƙo, ya yi dariya har da tari.

"Yaro, aljanu ka zo ɗauka?"

"Baba, kyamarar ce ba ta da lafiya."

"Lafiyarta ƙalau. Rana ta yi sanyi, ita kuma ta rage saurin ƙiftawarta zuwa 1/30 don ta sami haske. Kafin ta rufe ido doki ya yi gaba."

Ya karɓa ya murɗa ta zuwa S, ya kai ƙiftawar 1/1000. Ya ce tunda ƙifta ido da sauri na cinye haske, sai a biya bashin ta wani wajen: ya ɗaga ISO zuwa 1600, ita kuma ta wage ƙofar gilashin iya wagewarta, f/5.6. Hoton zai ɗan yi tsakuwa-tsakuwa, amma gara tsakuwa da fatalwa. Sannan ya sa saitin gani a AF-C don ta riƙa bin dokin duk inda ya nufa, ya kunna ɗauka a jere, muddin yatsa na kan maɓalli ba ta tsayawa.

Abu ɗaya Baba bai faɗa mini ba. Na manna ido a kyamara, na zuƙo gilashin har ƙarshe, sai ga wani ingarma fari ya cika mini ido, kumfa a baki, hanci a buɗe, ya taho kaina gadan-gadan. Na kurma ihu na tuma baya, na bi ta kan tiren wata mai gyaɗa, na zube a kwata, yatsana na kan maɓalli, kyamara na ta ƙara tatata kamar keken ɗinki. Da na ɗago, dokin ko rabin fili bai kai ba. Yara har da tafi.

Hoto 14 ta ɗauka. Na farko sararin sama, na biyu gyaɗa a iska, kowace ƙwaya ras. Sauran duk takalmina ne yana shawagi, har ɗinkin da aka yi masa a bakin kasuwa ana gani. Yaya ya ce tunda ya sayi kyamarar ba ta taɓa fitar da hoto mai kaifi haka ba, ya wanke ɗaya ya manna a ɗakinsa.

Takalmin dai har yau shiru. Don Allah wanda ya tsinci wari ɗaya, ƙafar hagu, lamba 43, nawa ne.