Wasiƙa Zuwa Ga Taubashina A Kan Kwamin Da Aka Binne

Daga birnin Finiks, Jihar Arizona, Amurka.

Zuwa ga taubashina, ɗan Kawu, Bakano ɗan Bakano,

Ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso. Na karanta shi a gaban uwargida, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in tambaye ka a zauren wane malami ka karanci alƙalanci, da har ka iya yanke wa mutum hukuncin almubazzaranci daga bayan teku, ba ka ji ta bakinsa ba, ba ka kuwa nemi shaidu ba. Ka ce labari ya iske ka a Kantin Kwari wai na sa an farfasa kwamin ninƙayar da ke bayan gidana, an cike ramin da ƙasa, don haka yanzu ba ka san abin da za ka ƙara yi wa maƙwabtan shagonka alfahari da shi ba, alhali ka daɗe kana nuna musu hoton shuɗin ruwan nan a waya kana cewa na ɗan'uwanka ne, kai da ko ranar da muka je Tiga ba ka yarda ruwa ya wuce maka idon sawu ba. To labarin gaskiya ne, ga kuma hujjata, ka karanta a tsanake bayan ka rufe shago ka gama ƙirga ciniki, don na san kafin nan hankalinka ba ya wurin kowa.

Ka sani garin nan da muke ciki hamada ne tsantsa, ruwan saman da ake samu a shekara bai kai sulusin wanda ke sauka a Kano ba, zafinsa kuwa ya isa a ba da labari, domin a shekarar 2023 an jera kwana 31 ma'aunin zafi bai kasa kai digiri 43 da rana ba. Wani babban kaso na ruwan da mutanen jihar ke sha daga Kogin Kolorado ake janyo shi, ta wata hanyar ruwa ta kankare mai tsawon mil 336, kogin nan kuwa ya ja baya ƙwarai, har a watan Agusta na 2021 gwamnatin tarayya ta yi shelar ƙarancin ruwa a cikinsa, abin da ba a taɓa yi ba, aka yanke wa Arizona kusan humusin rabonta, manoma suka bar gonaki da yawa babu shuka. A irin wannan ƙasa ne nake da rami a bayan gida mai cin wajen lita 57,000, wato in za a cika shi da jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 sai an kawo fiye da 2,200, kuma rana na ɗauke kusan ƙafa 6 daga samansa kowace shekara, ma'ana kusan duk abin da ke ciki, sai a bi da na famfo a mayar. Na tabbata kana karanta wannan kana buga lissafin kuɗin jarka a zuci, kuma ka riga ni sanin jimlar. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwa amana ne, an kuwa hore mu da kada mu yi israfi da shi ko da wajen alwala, balle a tara shi fili guda don rana ta shanye.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. 'Yar autarmu ta fara tafiya, ba kuwa inda ƙafarta ke nufa sai ƙofar baya. Hukumar kula da cututtuka ta ƙasar nan ta tabbatar cewa a cikin yara 'yan shekara 1 zuwa 4 babu abin da ya fi nutsewa a ruwa kashe su, galibi kuma a kwamin gida ne, shi ya sa dokar Arizona ta wajabta wa mai yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ya kewaye kwaminsa da shinge mai tsawon ƙafa 5, da ƙyaure mai rufe kansa. Muna da shingen, amma yayyenta na shiga suna fita, kuma duk ranar da aka ji gidan ya yi tsit sai ka ga uwarta ta saki ludayi ta yi bayan gida a guje. In kuwa ka ce a kashe injin tacewa a bar ruwan ya zauna don a huta da kuɗin lantarki da na kulorin, cikin 'yan kwanaki sai ya koma kore, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa duk su jirkita, ya zama gidan sauro. Sauron nan kuma ba na wasa ba ne, domin a 2021 zazzaɓin da ake kira Wes Nayil ya kama mutum fiye da 1,400 a wannan gunduma ta Marikofa, wajen 100 suka rasu, har ma hukuma na raba wasu 'yan kifaye kyauta a zuba a irin waɗannan ruwaye su cinye tsutsar sauro.

Da na yanke shawara, sai na tarar binne rami a ƙasar nan ilimi ne mai babi-babi. Ɗan kwangila ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a huda gindin kwamin don ruwan sama ya riƙa tsiyayewa, a karya saman bangonsa kamar ƙafa 2 ko 3, a tura ɓaraguzan ciki a rufe da ƙasa. Wannan ta fi araha, sai dai ba a yarda a yi gini a wurin ba, kuma ranar da za ka sayar da gidan wajibi ne ka bayyana wa mai saye abin da ke kwance a ƙarƙashin ciyawa. Ta biyu, a tone kome a fitar, kankare da rodi da bututu, a kawo ƙasa mai kyau a cike a gaban injiniya. Na san wadda za ka zaɓa tun ban gama jumlar ba. Ni ta biyun na ɗauka, saboda ina da niyyar gina ɗakin baƙi a wurin, inda Kawu zai sauka in Allah ya kawo shi, kai ma a shimfiɗa maka tabarma a baranda.

Kafin a taɓa ko tsakuwa ɗaya sai da aka karɓo takardar izini daga hukumar birni, aka kuma buga lamba 811, wadda doka ta ɗora wa duk mai son haƙa. Ma'aikata suka zo suka zana layuka a ƙasa da fenti suka kafa 'yan tutoci, ja inda wayar lantarki ta bi, rawaya na gas, shuɗi na ruwan sha, kore na bututun ƙazanta, don kada haƙorin katafila ya taɓa abin da zai tashi unguwa. Ruwan ma ba a sake shi a titi ba, domin haramun ne a dokar birnin. Wani muka shayar da itatuwan lemo bayan kulorin ya fita, sauran aka zuƙe aka bi da shi ta bututun ƙazanta. Sa'an nan aka cire wani sashe na katangar gefe, wata 'yar katafila da ba ta fi faɗin ƙofar zaure ba ta kutso da guduma a hancinta. Masu aikin, yawancinsu mutanen Meksiko, suna sauka ne muna dawowa daga sallar asuba don su ci ƙarfin aiki kafin rana ta buɗe. Dukan farko da aka kai wa bakin kwamin, shuɗin tayil ya tarwatse, kofunan shayi suka yi ta rawa a kan tire, yara suka jeru a taga kowa ya toshe kunne da yatsu. Ƙarƙashin kankaren nan kuwa rodi ne saƙe layi bisa layi, ana fasawa ana yanke shi, mutum guda kuma na tsaye da mesa yana fesa ruwa kada ƙura ta tashi, saboda a turɓayar ƙasar nan akwai wata ƙwayar cuta da ke kama huhu in an shaƙe ta.

Ɓaraguzan kansu rigima ce ta daban. Kankare na da nauyin da ido ba ya gani, mita ɗaya ta kowane gefe ta haura tan 2, don haka mota ba ta cika ake cewa ta ɗauki iyakarta. Tifa ta yi ta jigila zuwa wani wuri inda ake niƙe shi ya koma tsakuwar shimfiɗa hanya, rodin kuma aka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Na ga inda ka rubuta a ƙarshen saƙonka, bayan duk wa'azin da ka yi mini, cewa in akwai sauran rodi da injin famfo in sa maka a kwantena. Allah ya shirye ka, ɗan Kawu. Wanda ya zo ta'aziyya ba ya tambayar takalman mamaci tun ba a watse ba.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne cikon. Ba su juye ƙasa gaba ɗaya suka share hannu ba. Sukan zuba abin da bai wuce taƙi ɗaya ba, su yayyafa ruwa, su bi da injin daɓe lungu-lungu, tamkar yadda su Goggo ke taruwa da madaɓai su daɓe ɗakin amarya, sa'an nan su ƙara wani taƙin. Injiniya na zuwa da na'urarsa yana auna taurin ƙasar, in bai kai kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da za ta iya matsuwa ba sai ya ce a sake, ba ya kuwa sa hannu a takarda sai ya gamsu. Da na tambaye shi hikimar wannan tsanani, ya bayyana mini cewa ƙasar da aka zuba sakaka takan ci gaba da zama a hankali shekara da shekaru, musamman in ta sha ruwa, duk abin da aka ɗora mata kuma sai ya bi ta, bango ya tsage, daɓe ya lotsa.

Yana faɗin haka sai filin nan naka ya faɗo mini a rai, wanda ka ce ka samu da araha har kana yi mini gori. Ni da kai mun san wurin tun muna yara, kududdufi ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, shi ne kuma ke shanye ruwan unguwar duk damina. Mun san da abin da aka cike shi: shara da leda da toka da tsummokara, ba wanda ya daɓe, ba wanda ya auna. Irin wannan ciko ruɓewa yake yi a ƙarƙashin harsashi, ruwan da aka kora kuwa sai ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane, kamar yadda ake gani a unguwanni da dama na Kano da Agusta ta shigo. Nawa ramin kankare ne da bai tare wa kowa ambaliya ba, duk da haka ka ji irin taka-tsantsan da aka yi kafin a yarda in ɗora masa ɗaki guda, kai kuwa bene kake niyya, da mata da yara a ciki.

Saboda haka ina roƙonka don Allah, da zumuncin da ke tsakanin Kawu da Inna, kada ka bari birkila ya ja igiya a filin nan sai ka kawo injiniya ya tona ya ga abin da ke ƙasa. In ya ce sai an kwashe cikon har a iske ƙasa ta asali, a kwashe. In ya ce wurin ba na gini ba ne, ka haƙura ka nemi wani. Kuɗin awon ni zan biya, ka riƙe kuɗin sharar bara da ba ka aiko mini ba ka ƙara a kai, don na san in aka bar ka da aljihunka sai ka nemi ragi a wurin na'urar ma.

Ka gai da Kawu da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gai da su Goggo da uwargidanka da yara duka. Ina jiran amsarka a kan maganar injiniya kafin damina ta faɗi.

Wassalam,
Naka taubashi.