Masu Naɗin Sarkin Kwando

Tun da Ronaldo ya tattara ya koma Riyad a farkon 2023, Messi kuma ya nufi Miami a daminar wannan shekarar, majalisun zangon arewacin Gana suka shiga wani irin fari da ba a yi masa roƙon ruwa. Shekara da shekaru ana cin tuwo da musun mutum biyun nan. An ɓata da aboki a kansu, an kifar da butar ataya, har akwai wanda aka ce ya fasa neman aure saboda yayan yarinyar ɗan Madrid ne. Rana ɗaya aka wayi gari babu abin faɗa. Zaɓe sai bayan shekara huɗu yake zagayowa. Musun ƙungiyoyin Kotoko da Hearts kuwa ya tsufa, an bar wa dattawa. To matashin da ya saba kaɗa baki daga magariba zuwa sha ɗayan dare, ina zai kai harshensa? Sai Allah ya kawo ƙwallon kwandon Amurka.

Ga yadda abin yake a can inda ake yin sa. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar NBA, kowacce tana buga wasa 82, in an gama sai a fitar da gwarzon shekara, wanda suke kira MVP. Tun 1956 ake bayarwa. Da can 'yan wasan ne ke zaɓen junansu, daga kakar 1980 zuwa 1981 aka miƙa wuƙa da nama ga 'yan jarida. Yau mutum 100 ne ke jefa ƙuri'a, kowa ya jera sunaye biyar, na sama ya samu maki 10, na biyu 7, sai 5, sai 3, sai 1. A cikin mutum ɗarin nan babu mazaunin Salaga, babu na Yendi, babu na Bawku. Wannan babban kuskure ne, kuma mutanenmu sun ɗauki nauyin gyara shi kowace shekara ba tare da an biya su ko sidi ɗaya ba.

Akwai dai ɗan cikas guda, wanda ba a so a ambata a gaban baƙi. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka, a agogonmu sha biyun dare ya yi ko ya kusa. Na yammacin ƙasar kuwa sai biyu da rabi ko uku ta wuce ake jefa ƙwallon farko. A lokacin alƙalanmu sun yi nisa cikin bargo, in ma ba a ɗauke wuta ba. Abin da ke iso musu da safe shi ne guntun bidiyo na daƙiƙa talatin a TikTok, an ɗora masa kiɗa, an yanke duk inda gwarzo ya jefa bai shiga ba. Ana cewa gani ya kori ji. A nan ji ne ya kori gani, ya bi shi da gudu har bayan gari.

Kakar da ta ƙare a 2025 ita ce ta fi ba majalisu aiki, domin musun a kan mutum biyu ne rak. Ga Nikola Jokic ɗan Sabiya na ƙungiyar Denver, ga Shai Gilgeous-Alexander ɗan Kanada na Oklahoma.

A Salaga da lissafi ake hukunci, kuma ba abin mamaki ba ne. Garin da fataken Kano da Katsina suka yi ƙarni suna sauke kanwa da turkuɗi suna ɗaukar goron Gwanja, ba a koya wa jikokinsa ƙirga ba. Akwai wani tela a bakin kasuwa da ya mai da teburin yankansa allo. Da allin da yake zana wuyan riga ya rubuta 29.6, ƙasa da shi 12.7, ƙasa kuma 10.2, wato makin Jokic a kowane wasa, da ƙwallayen da yake cafkowa in sun ƙi shiga, da waɗanda yake miƙa wa abokai su ci. Kafin shi mutum biyu ne kawai suka taɓa cika goma-goma a ukun nan har kaka ta ƙare, Oscar Robertson da Russell Westbrook. Mai kayan sallah ya zo karɓar ɗinki, aka ce ya dawo jibi, amma aka tsare shi sai da ya ji wannan karatu.

Mai shayin da ke daura da shi bai yarda ba. Ya ce, "Yaya, duk wannan kaya ne a rumfa. Nawa aka sayar? Oklahoma ta ci wasa 68, naku 50. Yaron nan maki 32.7 yake zubawa, babu wanda ya kai shi. Ran da mutuminka ya ci 61 shi kaɗai, ba Minnesota ce ta tafi da wasan ba?"

Tela ya ce ai wannan ne ma hujjarsa, mutum ɗaya yana ɗauke da ƙungiya a ka. Mai shayi ya ce wanda ya ɗauki kaya ya faɗi a bakin ƙofa ba a ba shi lada. Tela ya koma zagi: ai kowa ya san Shai fataucin fawul yake yi, ya shiga jikin mutum da gangan, ya yi luuu kamar zai faɗi, alƙali ya hura usur a ba shi jifan kyauta. Nan wani dattijo mai tiren goro, da tun ɗazu bai tanka ba, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, a Salaga kake aibanta fatauci?" Tela ya duƙar da kai yana neman zare.

Dattijon nan ya tambayi su wa ke zaɓen, aka ce masa 'yan jarida ɗari. Ya ce ashe ƙwarya ɗaya ce, kuma shi a rayuwarsa bai taɓa buɗe ƙwaryar goro bai tarar da mai tsutsa a ciki ba. Da sakamako ya fito a Mayu, mutum 71 suka sa Shai a sama, 29 suka sa Jokic, sai tela ya karɓi maganar Baba hannu bibbiyu, ya dai ƙara cewa wannan ƙwaryar 71 ne suka ruɓe.

Ni dai abin da ya fi ba ni sha'awa a Salaga shi ne azumin 2025, wanda ya faɗo a watan Maris. Ƙarshen wasannin yammacin Amurka ya riƙa dacewa da lokacin sahur, don haka a karon farko aka samu shaidun gani da ido. A farkon watan Jokic ya yi wa Phoenix maki 31, cafka 21, miƙawa 22, abin da ba a taɓa yi ba. Tela ya rantse ya gani tun daga farko har ƙarshe. Uwargidansa, da aka ji ta bakinta a wajen niƙa, ta ce wayar ce ta ga wasan, shi kuwa ta tarar da shi hannu cikin miyar kuka yana minshari.

Yendi kuma daban take. A garin da ke da fadar Gbewaa da masu naɗin sarki, ba sai an yi wa kowa bayani ba cewa cancanta daban, naɗi daban. Samari suna ta ihun an zalunci Jokic tun 2023, lokacin da ya ci 2021 da 2022 a jere, aka hana shi na uku aka ba Joel Embiid, shi kuma ya huce haushi ya ɗauke kofin gasar baki ɗaya a watan Yunin shekarar. Suna cewa tun Larry Bird, daga 1984 zuwa 1986, ba a sake barin wani ya yi uku a jere ba, ko Michael Jordan da aka sa wa kyautar sunansa a 2022. Suka kai ƙara gaban wani tsoho mai batakari da ke zaune kan buzu a zaure. Ya saurara har suka gaji, sannan ya ce masu naɗi ba sa son mutum ya daɗe har ya manta su suka naɗa shi. Ya ce wannan ba sai an je Amurka ake koyo ba.

Sai ya shiga nasa binciken, wanda ba ruwansa da maki.

"Shi wannan ɗan Sabiyan, ɗan wa ne?"

Jikansa ya ce, "Baba, ba ɗan kowa ba ne. Da za a ɗauke shi a 2014 sai da aka kira mutum 40 kafin shi. Ko sunansa ba a ji ba, talabijin tana tallar abinci."

Tsoho ya taɓe baki. "Yana da doki?"

Aka yi shiru. Yaron ya lallatsa waya, ya dawo da labarin cewa ba ɗaya ba, barga guda gare shi a garinsu Sombor, dawakin sukuwa masu jan ƙaramin keke. Ran da ya ci kofi ma, ana shirin biki, shi hankalinsa yana kan ya koma gida wajen dawakinsa. Tsoho ya gyara zama ya ce shari'a ta ƙare. Mutumin da za a ɗora wa duniya a hannu ya ce a bari ya je ya ga ingarmansa, wannan ya san abin da ya dace, kuma in ya zo bikin Damba za a ba shi wurin tsayawa. Ɗan Kanada fa, ko jaki yana da shi? Ba a samu amsa ba. Yendi ta tafi hannun Jokic da ƙuri'a ɗaya, kuma babu ɗaukaka ƙara.

A zauren ne kuma na ji wani yana yabon dokar da aka kafa daga kakar 2023 zuwa 2024, cewa wanda bai buga wasa 65 ba ba ya shiga takara. Ita ta fitar da Embiid a shekarar da ya ci maki 70 a wasa ɗaya, saboda rauni ya zaunar da shi. Mai yabon ya ce daidai ke nan, wanda ba ya zuwa aiki kada ya ci albashi. Shagonsa na gyaran babur ne, kuma wanda ya kai masa faci kafin azahar ya san launin kwaɗon ƙofarsa.

Bawku ba ta ɓata lokaci a kan lissafi ko doki. Garin da ke da Burkina Faso a arewa, Togo a gabas, kowa da kawu a tsallaken iyaka, tambayarsa ɗaya ce: namu ne? 'Yan albasa da ke jiran mota ta cika sun haddace cewa tun James Harden a 2018, har zuwa 2025, haifaffen Amurka bai sake ɗauka ba, kuma suna faɗin haka da alfaharin wanda ya ba da gudummawa. Hakeem Olajuwon na 1994 namu ne, haifaffen Legas, yana azumi yana buga wasa. Giannis na 2019 da 2020 namu ne, a Girka aka haife shi amma iyayensa 'yan Najeriya ne. Kareem Abdul-Jabbar, mai guda shida da babu wanda ya kamo, an daɗe da mai da shi Alhaji Karimu. Embiid ɗan Yawunde ya kasance namu har zuwa daminar 2024, lokacin da ya sa rigar Amurka a wasannin Olamfik na Faris, daga ranar aka tuna cewa dama Kamaru da nisa. Shi kansa Shai an samo masa hanya. Mahaifiyarsa ta yi wa Antigua gudu a Olamfik na 1992, wani kuma ya tabbatar wa majalisa cewa mutanen Antigua duk daga nan aka kwashe su. Ba a nemi hujja ba, an dai yi masa maraba da dawowa gida.

Na tambaye su Ben Bentil fa? Aka kalli juna. Wani ya ce ko ɗan majalisa ne. Haifaffen Sekondi-Takoradi ne, ɗan Gana na farko da aka haifa a nan ya taka filin NBA, ya buga wa Dallas wasa uku a 2017. Shi ne namu na haƙiƙa, mai fasfo irin namu, amma a duk tarin rigunan gwanjon da ake zubewa ranar kasuwa, mai lamba 23 da mai lamba 24, ban ga rigarsa ba, ban kuma ga mai nema ba.

Filin wasan kansa yana nan, ba a ce babu ba. A bayan wata makarantar sakandare na ga ɗaya, siminti mai kyau, kwandon ya sunkuya ba raga, an shanya barkono daga wannan kusurwa zuwa waccan, akuya tana gadi. Wani ɗalibi ya taɓa kawo ƙwallon kwando ta gaske majalisar tela don manya su nuna masa yadda Jokic ke miƙa ƙwallo ba tare da ya kalli wanda zai ba ba. Tela ya ce kafaɗarsa tana ciwo. Mai shayi ya ce madara na kan wuta. Wani ya karɓa, ya juya ta, ya yaba nauyinta, ya ajiye a ƙasa ya ɗirka mata ƙafa, ta faɗa rumfar Hajiya mai waake. Hajiya ta riƙe ƙwallo ta ce sai an biya ta bashin da majalisar ta ci tun kafin azumi, ɗalibi ya koma gefe yana jiran manya su sasanta.

Yana nan tsaye ya yi tambayar da ta kusa tayar da majalisa. Ya ce shi wasan nan minti nawa ake yi?

Tela ya ce casa'in mana, kamar kowace ƙwallo. Mai shayi ya ce ƙarya ne, Amurkawa ba su da wannan juriyar, sittin ne. Yaron ya ce malaminsu ya ce 48 ne, kashi huɗu, kowanne minti 12. Tela ya ajiye almakashi, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai yaro, mu ana maganar wanda ya cancanta, kai kana maganar agogo. Je ka karɓo mini canji wajen Hajiya."